Yarjejeniyar Kano ta 1962: Waiwaye Kan Haɗin Kan Ƙasashe Wajen Yaƙi da Fara

Gabatarwa

Idan aka tashi lissafa muhimman ranaku a tarihin birnin Kano na ƙarni na ashirin, da wuya a ji wani ya ambaci ranar 25 ga watan Mayu, 1962. Amma kuwa a wannan rana ce wakilan wasu ƙasashen Afirka, waɗanda mafi yawansu ba su wuce shekara biyu da samun mulkin kai ba, suka ƙulla wata yarjejeniya a Kano. Fara ce ta tara su. Sun amince su riƙa tara kuɗi duk shekara domin a ajiye ma'aikata a fadamun Kogin Kwara, watau Neja, can cikin ƙasar Mali, suna sa ido a kan wani ƙwaro wanda idan aka bar shi ya yi ƙarfi a can, manomin Katsina da na Damagaram da na Kurdufan duk sai sun kwana da yunwa.

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi sawun yadda ƙasashen duniya suka koyi haɗa kai domin kare amfanin gona daga ƙwari, tare da ɗaukar fara a matsayin misali. Abin da muke son nunawa shi ne, tsoro ne yake haifar da irin wannan haɗin kai, kwanciyar hankali kuma ita ce take kashe shi, domin aikin rigakafi idan ya yi kyau babu wanda yake ganinsa.

Mafarin Al'amari

A ƙasar Turai aka fara gane cewa ƙasa ɗaya ba ta iya tsare gonakinta ita kaɗai. A farkon shekarun 1860 wani ɗan mitsitsin ƙwaro da ake kira filoksera ya shiga Faransa a jikin dashen inabi da aka kawo daga Amurka. Saiwar inabi yake tsotsa har kurangar ta bushe. Cikin shekaru kaɗan ya halaka gonaki masu ɗimbin yawa a Faransa, sa'an nan ya tsallaka zuwa maƙwabtanta. Da abin ya yi tsanani sai ƙasashen da ya shafa suka haɗu a birnin Ban na ƙasar Suwizalan a 1878, suka ƙulla yarjejeniyar da aka sake wa fasali a 1881. A cikinta suka yarda su riƙa sanar da juna inda ƙwaron ya ɓulla, su kuma riƙa binciken duk dashen da za a fitar daga wata ƙasa zuwa wata. Wannan ita ce yarjejeniya ta farko tsakanin ƙasashe kan kare tsirrai.

Daga wannan tushe aka yi wata a birnin Roma a 1929, sa'an nan a 1951 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka fi sani da FAO, ta amince da babbar yarjejeniyar kare tsirrai da ta fara aiki a 1952, wadda ƙasashe fiye da 180 suka shiga. Takardar shaidar lafiyar tsiro da ake nema wurin mai fitar da riɗi ko citta ko zoɓorodo zuwa ƙetare, asalinta ke nan.

Sai dai duk wannan tsari ya dace ne da ƙwaron da ɗan Adam yake ɗauka a cikin kayansa, wanda ana iya tare shi a tashar jirgi. Fara kuwa iska take bi, ba ta tsayawa a gaban ma'aikacin kwastan. Saboda haka sai da aka nemi wata dabara dabam.

Halin Fara

Tun zamanin da, mutane suna mamakin inda fara take fitowa. Za a yi shekaru ba a gan ta ba, rana ɗaya sai ta rufe sama kamar hadari. Kakanninmu sun yi iya ƙoƙarinsu: a buga ganguna da ƙwarya, a tayar da hayaƙi, a haƙa ramuka a kora ɗango, watau 'ya'yan fara da ba su yi fiffike ba, a binne su. Wadda aka kama kuma a soya a ci. To amma duk wannan faɗa ne a bakin gona, bayan abokin gaba ya riga ya iso.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Boris Uvarov, wani masanin ƙwari ɗan ƙasar Rasha da ya koma Landan da aiki a 1920. A 1921 ya bayyana cewa ƙwari biyu da masana suke ɗauka iri dabam-dabam ne, ashe abu ɗaya ne mai hali biyu. Idan fara tana warwatse, lafiyayyen ƙwaro ce mai gudun 'yan'uwanta, wadda ba ta cutar da kowa. Idan damina ta yi kyau ta hayayyafa, sa'an nan ciyawa ta fara bushewa ta tilasta mata cunkushewa a ɗan wurin da ya rage kore, sai halinta ya sake. Launinta ya canza, ta fara neman taro, ta yi ta tafiya rundunarunduna. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa yawan gogayyar ƙafafun baya da juna yana daga cikin abin da yake tayar da wannan canji, kuma sa'o'i kaɗan sun isa halin ya fara juyawa.

Amfanin wannan ilmi a fili yake. Tun da fara ba daga sama take faɗowa ba, akwai wuraren da take fara taruwa, kuma idan aka gano su ana iya kashe wutar tun tana ƙyastu. Girman abin da ake gudu shi ma an auna shi. Hukumar FAO ta ƙiyasta cewa garken farar hamada da ya rufe murabba'in kilomita ɗaya yana ɗauke da fara wajen miliyan 40, yana cin abin da mutum 35,000 za su ci a yini guda, kuma yana iya tafiyar kilomita 150 a rana.

Annobar 1928 Zuwa 1941

Ba a daɗe ba aka sami damar jarraba ra'ayin Uvarov. A 1928 wani nau'in fara da masana suke kira fara mai ƙaura ta Afirka ya tashi daga yammacin nahiyar. Cikin 'yan shekaru ya ratsa Nijeriya da Chadi, ya isa Sudan da Gabashin Afirka, ya gangara kudu, har sai da ya mamaye mafi yawan ƙasashen da ke kudu da Sahara. Annobar ba ta lafa ba sai a 1941. Daɗin daɗawa, a daidai wannan lokaci farar hamada, wadda gidajen rediyo suke kira farar ɗango, tana nata ɓarnar daga arewa, jar fara kuma tana tata daga kudu maso gabas.

A ƙasashenmu abin ya zo da muni. A yammacin Nijar fara ta cinye amfanin gonar 1930, yunwa ta biyo baya a 1931, musamman a ƙasar Zabarmawa. Hukumar mulkin mallaka ta Faransa ba ta sassauta karɓar haraji da wuri ba, dubban mutane suka mutu, wasu kuma suka yi gudun hijira zuwa Nijeriya. A Arewacin Nijeriya En'e ta yi ta tara talakawa aikin haƙa ramuka da watsa dusa mai guba a kan hanyar ɗango.

Turawan mulkin mallaka, waɗanda kowannensu yake kishin yankinsa, sun ga cewa abin da Bature ɗan Ingila ya kashe yau a Sakkwato, gobe iska za ta kawo ninkinsa daga yankin Faransa. Saboda haka aka shiga taruka: Roma a 1931, Faris a 1932, Landan a 1934, Alƙahira a 1936, da Burusel a 1938. Tun a taron farko aka amince kowace ƙasa ta riƙa aika rahoton inda aka ga fara da ranar da aka gan ta zuwa ofishin su Uvarov a Landan. A can aka riƙa zuba rahotannin a kan taswira wata bayan wata, ana bin sawun garkunan da baya-baya kamar yadda maharbi yake bin sawun nama. Sawun fara mai ƙaura sai ya kai su wuri guda, watau fadamun Kogin Kwara da ke tsakanin Masina da Tambutu. Masu bincike irin su O. B. Lean, wanda ya fito daga Nijeriya, da B. N. Zolotarevsky daga ɓangaren Faransa, suka shiga yankin suka tabbatar da haka.

Dalilin da ya sa wannan wuri ya zama makwancin fara shi ne, kogi yana malala a kansa bayan damina, sa'an nan ruwan ya riƙa janyewa sannu a hankali cikin rani, yana barin danshi da ɗanyar ciyawa a lokacin da ko'ina ya bushe. Ta haka fara take samun damar yin zuriya a kan zuriya cikin shekara guda. Taron Burusel ya ba da shawarar a kafa hukumomi na dindindin da za su tsare irin waɗannan wurare, amma Yaƙin Duniya na Biyu ya dakatar da maganar. Sai a 1949 aka kafa hukumar jar fara mai mazauni a Abakon, garin da ake kira Mbala a Zambiya ta yau. A 1952 kuma Ingila da Faransa da Beljiyam suka sa hannu a Faris kan yarjejeniyar tsare fadamun Mali.

Daga Faris Zuwa Kano

Da mulkin mallaka ya kau, sai tambaya ta taso: wa zai gaji wannan aiki? Amsar ita ce yarjejeniyar Kano. Ƙasashe masu magana da Ingilishi da masu magana da Faransanci, har da Nijeriya da Nijar da Mali da Chadi da Kamaru da Gana, suka karɓi ragamar ƙungiyar da aka fi sani da OICMA, taƙaicen sunanta na Faransanci. Hedkwatarta tana Bamako, tashar bincikenta tana Kara a bakin kogi. Aikin ma'aikatanta shi ne su riƙa zagaya fadama da ƙafa da mota da kwalekwale suna ƙirga fara, duk inda suka ga ta fara cunkushewa su fesa magani nan take.

Ya kamata mu tsaya mu dubi ma'anar wannan mataki. Ƙasa matalauciya ta yarda ta cire kuɗi daga baitulmalinta ta aika wata ƙasa, domin a biya albashin mutanen da talakawanta ba za su taɓa gani ba, a kan wata masifa da ba ta riga ta faru ba. Bahaushe ya ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. Yarjejeniyar Kano ta zarce nan, domin cewa ta yi a kai ruwan gidan ɗan'uwan tun wuta ba ta kama ba.

Tun daga 1941 ba a sake ganin annoba mai girman waccan ta taso daga fadamun Mali ba. Masana sun yi bayanin cewa ba aikin ƙungiyar kaɗai ne ya jawo haka ba, domin ƙarancin ruwan sama na shekarun 1970 da 1980 da faɗaɗar noma da kiwo sun canza yanayin fadamar. Ko ma dai mene ne rabon kowanne, sakamakon ɗaya ne a idon ministocin kuɗi. Shekara ta bi shekara babu fara, ga bashi ya yi wa ƙasashe katutu, sai aka fara jinkirta biyan gudummawa, daga jinkiri aka koma ƙin biya. A 1986 aka rushe ƙungiyar. Takwararta mai mazauni a Dakar, watau OCLALAV, wadda aka ɗora wa yaƙi da farar hamada da tsuntsayen jan-baki, ita ma a lokacin ta kusa durƙushewa saboda wannan dalili.

Abin da Sakaci ya Haifar

A shekarar da aka rushe ƙungiyar Bamako, ruwan sama ya riga ya dawo yankin Sahel bayan dogon fari, ƙananan fari na gida suka addabi gonakin gero daga Senegal har Chadi. A bayansu sai ga farar hamada. Ita makwancinta ba ɗaya ba ne. Yana warwatse daga Muritaniya, ya bi ta duwatsun arewacin Mali da filin Tamesna da Azbin a Nijar, ya ratsa Chadi da Sudan da gaɓar Bahar Maliya har zuwa iyakar Indiya da Pakistan. Wasu daga cikin waɗannan wurare a lokacin suna fama da yaƙi, a Chadi da Sudan da Habasha da Yammacin Sahara, don haka masu sintiri ba su iya shiga ba. Daga 1986 zuwa 1989 fara ta ci karenta babu babbaka. A watan Oktoba na 1988 wasu garkuna suka ƙetare Tekun Atalantika, tafiyar kilomita wajen 5,000, suka sauka a tsibiran Karebiyan. A watan Disamba na wannan shekara aka harbo wani jirgin feshi da Amurka ta ɗauko haya a sararin Yammacin Sahara, mutum biyar da ke cikinsa suka mutu. Kuɗin da masu ba da agaji suka kashe ya kai wajen dala miliyan 300.

Akwai wata matsala kuma. Maganin da aka dogara da shi a da, mai suna dildirin, yana daɗewa a jikin ciyawa, saboda haka layi-layi ake fesa shi ɗango ya zo ya tarar. To amma wannan daɗewa ita ce illarsa ga mutane da dabbobi da tsuntsaye, shi ya sa aka daina amfani da shi. Magungunan da suka maye gurbinsa kwanaki kaɗan suke yi, dole sai an bi fara an fesa mata kai tsaye a fili mai faɗin gaske. Damuwa da yawan gubar da aka zuba ta sa a 1989 aka fara wani shirin bincike mai suna LUBILOSA, wanda ya haɗa Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IITA reshen Kwatano da masana daga Yamai da Ingila da Jamus. Daga jikin wata matacciyar fara da aka samo a Nijar suka ware wani naman gwari mai kashe fara ba tare da cutar da sauran halittu ba. Da irin wannan magani Somaliya ta yaƙi fara a 2020.

Da annoba ta wuce aka sake yin barci. A watan Oktoba na 2003 hukumar FAO ta yi gargaɗi cewa fara tana taruwa a Muritaniya da Mali da Nijar da Sudan. A watan Fabrairu na 2004 ta nemi dala miliyan 9, kuɗin bai zo a kan kari ba. Kafin watan Agusta abin da ake bukata ya kai dala miliyan 100. A rubutun boko kalmar "fari" ta rashin ruwa da "fari" jam'in fara siffarsu ɗaya, karin sauti da tsawon wasali ne suke raba su a baki. A daminar 2004 su biyun suka haɗu a kan manomin Nijar, tsadar hatsi ta ƙara nata, a 2005 aka ga yara masu tamowa sun cika cibiyoyin jinya a Maraɗi da Damagaram. An fesa magani a fili mai faɗin hekta miliyan 13 kafin a shawo kan annobar. Bisa lissafin FAO, abin da aka kashe ya kai dala miliyan 570, wanda ya isa a biya aikin rigakafi na shekara 170 a yankin yammacin nahiyar. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda ya jira ranar kuwa sai ya sayi fafaffe da tsada.

Gyaran da Aka Yi

Ba za mu ce ba a koyi kome ba. A 2002 wata hukuma mai mazauni a Aljiyas ta fara aiki, wadda ta haɗa ƙasashe goma na yamma da arewa maso yammacin Afirka, watau Aljeriya da Libiya da Moroko da Tunisiya da Muritaniya da Senegal da Mali da Burkina Faso da Nijar da Chadi. Bayan wahalar 2004 ƙasashen da fara take kwana a cikinsu suka kafa cibiyoyi na musamman, Nijar ta ajiye babban sansaninta a Agadas. Yanzu tauraron ɗan Adam yana nuna inda ruwa ya sauka da inda ciyawa ta tsiro a hamada, mai sintiri kuma yana aika rahotonsa daga daji zuwa Roma a ranar da ya gani. A 2012, lokacin da rikicin Libiya ya ba fara damar taruwa a iyakarta da Aljeriya har ta gangaro arewacin Nijar da Mali, an tare ta kafin ta zama annoba.

Amma inda ido bai kai ba, tsohon labari ne yake maimaituwa. A 2018 guguwar teku biyu, ɗaya a watan Mayu ɗaya a Oktoba, suka zubar da ruwa a hamadar kudancin yankin Larabawa, inda babu mai sintiri. Fara ta hayayyafa a ɓoye, ta shiga Yaman da yaƙi ya ɗaiɗaita, daga nan ta tsallaka Habasha da Somaliya a 2019. Kenya ta ga abin da ba ta gani ba cikin shekara 70.

Kammalawa

Al'ummarmu tana da al'adar raɗa wa yunwa suna. Dattawa sun bar mana Kakalaba ta 1914 da 'Yar Buhu ta 1927, har ana ƙirga shekarun haihuwa da su. Shekarar da fara ba ta zo ba saboda wani ma'aikaci ya kwana a fadamar Masina ko a filin Tamesna, ita ba ta da suna, ba ta da mawaƙi. Muna ganin wannan mantuwa ce ta kashe ƙungiyar da aka ƙulla a Kano, kuma tana iya kashe waɗanda suka gaje ta.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Makwancin farar hamada mafi kusa da gonakin ƙasar Hausa yana arewacin Mali da Nijar, wuraren da rashin tsaro yake hana masu sintiri sakewa. A watan Janairu na 2025 kuma Mali da Nijar da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS. Duk yadda siyasa ta raba gwamnatoci, wajibi ne a bar ƙofar musayar rahoto a buɗe, a kuma biya kuɗin sintiri a shekarun da babu fara, domin a waɗannan shekarun ne ake yin aikin. Shugabannin da suka hallara a Kano a 1962 sun fahimci haka alhali ƙasashensu ba su da arzikin da suke da shi a yau. Ya rage ga marubutanmu da malamanmu su mayar da wannan rana cikin tarihin da ake koya wa ɗalibai.